Mangwaro a Firjin Iya Mosun

Zafin Ikko ba irin na gida ba ne.
Na gida ya ƙona ka ya ƙara gaba,
na nan kuwa mai bin bashi ne:
ya zauna maka a wuyan riga,
ka yi wanka, ka fito, ka tarar yana jira.

Ran Asabar na rufe keken ɗinki da wuri,
na gangara bakin layin dogo a Agege.
Tanimu ya baza su a kan buhu,
'yan Binuwai, sun kwana biyu a bayan mota.
Ban bi ta kan masu kyan fuska ba.
Na tsinci waɗanda suka fara saduda,
masu ɗigo-ɗigon baƙi,
waɗanda in ka kai hanci kusa
ƙamshi ba ya ɓoye maka komai.
Shida na biya. Ya yi mini gyara da mai tabo.

Barira, wanke hannu, kawo babbar roba.
Ni ke feraye, ni ke yanka,
ƙwallo kuwa naki ne, haka muka yi alkawari,
ki tsotse shi har ya yi furfura.

Tun Alhamis wuta ta yi yaji,
injin markaɗe yana kan kanta yana hutu.
To, me ludayi yake yi a duniya?
Dama, 'yata, danna da gindin kofi,
mu tace a rariya.
Ni tela ne, na san zare,
amma wannan ba ya shiga allura,
haƙori kawai yake nema.

Kindirmon nan ba daga ƙwarya ya fito ba,
na kanti ne, mai murfin shuɗi,
bai san saniya ba sai a hoto.
Ba komai. Zuba.
Rabin gwangwanin madara,
ɓarin lemun tsami,
citta kaɗan, gishiri abin da yatsa biyu suka ɗauka.
Sukari?
Ajiye shi. Baƙon ya zo da guzurinsa.

Kofi bakwai muka cika, muka ɗaure bakinsu da leda.
Firjinmu ya daɗe da zama ma'ajiyar kwanoni,
sai muka sauka ƙasa
wajen Iya Mosun mai sayar da ƙanƙara,
wadda janaretanta ke tari dare da rana.
Hausarta ba ta wuce sannu ba,
Yarbancina bai kai kasuwa ba.
Ta ƙirga kofuna, ta ɗaga yatsa ɗaya.
Ciniki ya faɗa.

Sai jira.
Awa uku a wurin yarinya shekara ce.
Sau huɗu Barira tana sauka,
sau huɗu ana koro ta da dariya.

Bayan magariba ta hauro da faranti,
kofunan suna gumi kamar mu,
amma nasu gumin mai sanyi ne.
Na ƙirga: biyar.
Wai Iya ta ce ɗaya kuɗin mai,
ɗayan kuma laifin bakinta ne,
kuma gobe in sauko da ludayina,
ta aiki ɗanta wajen Tanimu.

Suwaiba ta shigo daga asibiti,
awa biyu a cunkoson Oshodi,
takalmi a hannu, ba ta ko iya sallama da ƙarfi.
Na miƙa mata kofi.
Ba ta sa cokali ba tukuna.
Ta manna shi a goshi, ta rufe ido,
ta gangaro da shi kunci, ta kai wuya.

Can unguwa ta kaure da ihu, an kawo wuta.
Fanka ta yi miƙa, ta soma juyi.
Babu wanda ya tashi.
Barira tana kankare gindin kofi,
tana kallon na huɗu da na biyar.